Murhu Uku a Mota Ɗaya: Abin da ke Cin Tsohuwar Haibirid

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, lissafin mai mota ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Nan ido ya koma kan motar da a da ake yi wa kallon hadarin kaji a wurin dillalai, wato haibirid, mai haɗa injin fetur da na lantarki: su Prius, Camry Hybrid, Highlander Hybrid da Lexus RX 400h. Waɗanda aljihun yawancinmu ke iya kaiwa kuwa tokumbo ne, sun gama cin ƙuruciyarsu a titunan Amurka ko Turai, wasu sun haura shekara 15 da ƙerawa.

Kowa ya je saye tambayarsa ɗaya ce: "Yaya batirin?" Tambayar tana kan hanya, amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Zafi ne ke kwantar da waɗannan motoci a ƙasarmu, shi kansa batirin sau da yawa zafin ne ajalinsa. Kuma ƙananan abubuwa masu araha ne ke fara gazawa, sannan su ja manya masu tsada su tafi da su.

Ƙanina yana da wata tsohuwar haibirid. Wata rana cikin Afrilu, da azahar, ya kira ni daga hanyar Kano zuwa Zariya, wajen Kwanar Dangora. "Yaya, wata jar alama mai kusurwa uku ta fito a dashbod, AC ta daina sanyi, motar kuma ba ta ja." Ya gangara gindin wata bishiya ya tsaya. Bakaniken da aka kira masa daga bakin hanya ya buɗe bonet, ya ga ruwan lagireto cike, ya taɓa tiyo bai ji wani zafin a zo a gani ba, sai ya yanke hukunci: "Alhaji, batir ne ya tafi. Ka san halin motocin nan." Bayan rabin awa mota ta tashi garau, ta yi 'yar tafiya, ta sake maimaita halinta. Da aka lallaɓa aka kai ta wurin wanda ya san ta, ko kallon batir bai yi ba. Ya kunna motar, ya buɗe murfin wata 'yar robar ruwa da ke jikin wani farin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin bonet, ya haska tocila. Ruwan ciki, mai launin hoda, yana kwance shiru kamar ruwan randa. Ya ce, "Da famfon yana da rai, da ka ga ruwan nan yana juyawa." Famfo ne da bai fi dunƙulen hannu ba, shekaru sun cinye shi.

Motar da muka taso muka sani murhu ɗaya gare ta, shi ne inji. Lagireto ɗaya, famfon ruwa ɗaya da bel ke juyawa, allura ɗaya a dashbod da direba ke sa wa ido. Haibirid murhu uku gare ta. Inji yana da ruwansa. Inbata tana da nata ruwan, da famfonta, da nata ɓangaren lagireto, kuma ruwan biyu ba sa gauraya. Babban batir kuwa iska ce ke sanyaya shi. Bakaniken bakin hanya bai yi ƙarya ba da ya ce ruwa cike yake, murhun da ya duba ne ba shi ke ci ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Prius na zango na biyu da na uku, wato ƙirar 2004 zuwa 2015, ba su da allurar zafi sam. Fitilar gargaɗi ce kawai, ita kuwa ba ta kamawa sai abu ya yi nisa.

Inbata dai mun san ta a sola, aikinta ke nan a mota ma, sai dai nauyin da take ɗauka ya fi. Batirin Prius sassa 28 ne, kowanne bolt 7.2, jimilla 201.6, kusan ƙarfin wutar da ke bangon ɗakinka. Inbata ce ke ɗaga wannan wuta zuwa bolt 500 a zango na biyu, na 2004 zuwa 2009, ko 650 a zango na uku, na 2010 zuwa 2015, ta sauya ta zuwa irin wadda injinan lantarki biyu na motar ke ci. Motar ba ta da kik, ba ta da altaneta. Ɗaya daga cikin injinan lantarkin ne ke tayar da injin fetur, kuma daga akwatin inbata ake cajin ƙaramin batir mai bolt 12. Komai ta wannan akwati yake bi. Kayan lantarkin da ke ciki ba sa jure zafin da inji ke ɗauka a matsayin lafiya, kusan digiri 90, shi ya sa aka ware musu ruwansu. Idan famfon ya tsaya, kwamfutar motar takan fara yanke AC, sannan ta rage ƙarfin tafiya domin ta ceci akwatin. Mota ta huce, komai ya dawo daidai, mai ita ya ce ai sharrin rana ne. Idan aka sa mata kwamfuta, lambar da kan fito ita ce P0A93.

Wannan rauni ba ɓoyayye ba ne. A Nuwamba 2012 Toyota ta kira motoci kusan miliyan 2.77 a faɗin duniya domin gyara abubuwa biyu, ɗaya sandar sitiyari, ɗaya kuma famfon ruwan inbata, wanda kan iya ƙona fis ya kashe mota tana cikin tafiya. A Fabrairu 2014 ta kira Prius na zango na uku miliyan 1.9 domin sabunta manhajar da ke kare inbata daga zafi, a Oktoba 2018 kuma ta sake kiran sama da miliyan 2.4. Highlander Hybrid da RX 400h su ma an kira su kan inbata a 2011 da 2013. Duk motar da ta fito daga Amurka ana iya sa lambar shasinta mai harufa da alƙaluma 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, ko na Toyota a ga ko akwai gyaran da ba a yi mata ba. Ko da an yi, famfon da aka sa a 2013 shi ma yanzu tsoho ne.

Inda asara ta fi girma shi ne inji. Injin mota na yau da kullum idan ya tashi yana nan yana aiki har a kashe shi: ya yi zafi sau ɗaya, ya huce sau ɗaya. Na haibirid a cikin cunkoson gari yana iya tashi ya mutu sau barkatai kafin ka kai kasuwa. Ƙarfe idan ya ji zafi yana buɗewa, idan ya huce ya tsuke, gaskit ɗin da ke tsakanin tof silinda da bulok kuma shi ke shan wannan ja-in-ja shekara da shekaru. Injin lita 1.5 na zango na biyu ya yi suna wajen juriya. Na lita 1.8, mai lamba 2ZR-FXE, da ke cikin Prius na zango na uku da Prius v da Lexus CT 200h, shi ne ya yi ƙaurin suna wajen ƙona gaskit, kuma labarin yana farawa ne daga wani abu da ake kira EGR.

Injiniyoyin sun ɗebi wani kaso na hayaƙin da zai fita ta salansa, suka bi da shi ta wani ɗan bututu da ruwan inji ke sanyayawa, suka mayar da shi cikin inji. Hayaƙin da ya riga ya ƙone ba ya sake ci, saboda haka yana rage zafin wutar da ke cikin silinda, kamar yadda ake barbaɗa toka a kan garwashi don kada ya cinye da wuri. Dabara ce mai kyau, tana rage shan mai da gurɓata iska. Sai dai hayaƙi ba ya tafiya shi kaɗai, yana ɗauke da baƙin gari da tururin mai, cikin bututun kuwa ƙananan ramuka ne kamar saƙar zuma. Na taɓa tsayawa aka ciro ɗaya a gareji. Bakaniken ya ɗaga shi saitin rana ya ce in leƙa. Ko ɗigon haske bai ratso ba. Kunkunniya ce ta cika shi, irin wadda ke taruwa a rufin madafin da ake girki da ice, ta daskare ta yi tauri, sai da aka kwana ana jiƙa shi kafin ruwa ya fara bi.

Daga bututun, hayaƙin yana rabuwa ta ƙananan ƙofofi huɗu a manifol, mai raba wa silinda iska, kowace silinda da tata. Ba sa toshewa tare. Wata silinda ta rasa rabonta ta riƙa ƙuna fiye da 'yan uwanta, wata ta samu fiye da kima. Kanikawa da dama da suka daɗe suna buɗe wannan inji suna ganin nan gaskit ke fara cinyewa, galibi ta wajen silinda ta ɗaya. Wasu kuma sun fi ɗora laifin kan famfon ruwan injin. Wannan inji ba shi da bel ko ɗaya, famfonsa na lantarki ne. Famfon bel idan zai mutu yakan yi sallama, ya fara yoyo ko kuka. Na lantarki yakan yi rauni shiru, abin da ke juyawa a cikinsa ya kumbura ko ya tsage, ruwa ya riƙa tafiya a hankali, wani lokaci har ɓarna ta auku lambar P261B ba ta fito ba. Ni ban ga dalilin tsayawa gardama ba. Motar da ta haura shekara 10 a wanke mata EGR gaba ɗaya, da bututun da bawul da manifol, a kuma sauya famfon tun bai tsaya ba. Wanke bawul kaɗai, kamar yadda ake yawan yi, share ƙofar gida ne a bar tsakar gida da shara.

Gaskit idan ya fara tafiya, da asuba yake magana. Cikin dare ruwa ya ɗan tsatso cikin silinda. Da safe inji ya tashi da jijjiga da wata ƙara mai tayar da hankali, kamar ana kaɗa ƙarafa a cikin garwa, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya daidaita kamar ba shi ba. Ƙarar tana da tsanani ne saboda abin da ke tsakanin inji da giya faranti ne kawai mai sifirin, duk tuntuɓen da inji ya yi giya za ta ji. Kwamfuta ta nuna P0301, wato silinda ta ɗaya tana tsallake wuta, sai a sauya fulogi da kwayil, a samu sauƙin mako biyu. Ba kowace jijjigar safe ce gaskit ba, EGR da ya toshe shi kaɗai yana iya kawo ta. Mai raba gardama shi ne ruwa. Ka sa alama da biro a jikin robar ruwan inji da safe kafin a kunna mota, ka dawo bayan mako guda. Idan ya sauka, babu ɗigo a ƙasa, babu jiƙa a tiyo, to ruwa ba ya tsami banza: injin ne ke shanye shi. Akwai gwajin wani shuɗin ruwa da ke komawa rawaya idan hayaƙi ya shiga lagireto, akwai kuma 'yar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi. Wanda ya tsaya a nan, gaskit zai saya. Wanda ya ci gaba da ƙara ruwa yana tafiya, wata safiya ruwan zai taru da yawa, fistin ya taso ya same shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Sandar fistin ce za ta lanƙwashe, wani lokaci ta fasa bulok ta leƙo waje. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Shan baƙin mai yana ƙara wa wutar ice. Camry Hybrid na 2007 zuwa 2011 mai injin lita 2.4, da Prius na farkon zango na uku, an san su da wannan idan ringi ya maƙale. Man da ya ƙone kuwa shi ne kunkunniyar gobe. Maganin da aka saba bayarwa a garejinmu shi ne a zuba mai kauri, 20W-50, wai ya toshe kafa. Injin da aka ƙera don 0W-20, ko 5W-30 a zango na biyu, wanda kuma yake tashi daga barci sau da yawa a tafiya ɗaya, yana bukatar man da zai kai sama nan take. A ƙasar ƙura irin tamu juyen mai bai kamata ya wuce kilomita 8,000 ba, kuma a riƙa zaro sandar awon mai ana dubawa a tsakani.

Abin da ya fi ci mini rai ke nan: dabarun da kanikawanmu suka gada daga zamanin Peugeot 504 su ne ke illata wannan mota, kuma da kyakkyawar niyya ake yin su. Mota ta sauka daga jirgi, a ce tamostat, abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi ɗumi, na ƙasar sanyi ne, a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye. Tamostat ɗin Prius yana buɗewa ne a wajen digiri 82, kuma kwamfuta tana jiran inji ya yi ɗumi kafin ta yarda ta riƙa kashe shi. Idan aka cire, inji zai daɗe yana aiki yana neman ɗumin da ba ya zama, man da aka sayi motar don a tsimi sai ya tafi a banza. Fankar da ke juyawa ba tsayawa kuma tana rufe alamar ciwo ne kawai.

Sai ruwa. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyi na kamfani mai launin hoda, wanda aka riga aka gauraya, ba a ƙara masa komai. Na farko yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10, daga nan kuma duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Tokumbo mai shekara 15 da ba ka san tarihinta ba, ka ɗauka lokacinta ya wuce. Ruwan burtsatse ko na leda yana barin farin dutse irin wanda muke gani a gindin butar shayi, yana kuma cin alminiyam. A tsohon inji mai manyan hanyoyi ana iya daɗewa ba a gani ba. A siraran hanyoyin inbata ba a daɗewa. Wajen juye ruwan ma akwai tarko: iska tana maƙalewa a ciki, injin kuma ba ya yarda ya ci gaba da aiki a tsaye sai an sa motar a yanayin gyara. Wanda bai san wannan ba zai cika roba ya rufe, ya sallame ka da iska a cikin inji.

Mai gyaran AC shi ma yana iya kwantar da motar. Kwamfaresarta ta lantarki ce, mai ƙarfin wuta, man da ke cikinta na musamman ne, ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Aka zuba man kwamfaresa na gama-gari, ko aka yi amfani da tiyon da ya jiƙe da shi, kwamfuta na iya jin wuta tana zurarewa ta hana mota tashi. Kuma don Allah a gaya wa yaran gareji: shirun inji ba ya nufin mota a kashe take. Muddin kalmar READY tana dashbod, inji na iya tashi da kansa, ko hannun yaro na ciki, ko an kwance bakin mai yana zuba. Wayoyi masu launin lemo kuwa, masu ɗauke da wutar babban batir, ba a taɓa su sai wanda ya koya, da safar hannu ta aikin wuta.

Murhu na uku shi ne wanda kowa ke tsoro, kuma shi ya fi sauƙin kulawa. Batirin yana bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iska daga cikin ɗakin mota, ta wata taga mai raga a gefen kujerar, ta hura masa. Ma'ana iskar da fasinja ke shaƙa ita batir ke sha. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, direban da ya kashe AC ya sauke gilas don tsimin mai yana hura wa batirinsa iskar tanda ne, haɗe da ƙura. Ga rigar kujera da ake ɗinkawa ta rufe tagar, ga fasinja huɗu a baya, babbar rigar wani ko mayafin wata ya lulluɓe ta, ga ledar da iska ta manna. Bayan hunturu biyu ko uku, fukafukan fankar kan cika da ƙura da gashi da zare har su koma kamar an naɗe su da auduga. Sassan da ke tsakiyar batirin su suka fi shan zafi, su ke fara rauni, sai lambar P0A80 ta fito. A nan ake faci: a cire mataccen sashe ɗaya a sa wani na gwangwani. Sassa 27 da suka rage tsufansu ɗaya da wanda ya mutu, bayan 'yan watanni wani zai bi sahu. Batir mai rauni kuma yana jefa wa inji nauyin da ba nasa ba, ya riƙa aiki ba hutu, zafi ya ƙaru, mai ya ƙone, a koma kan maganar gaskit. Wanke fankar aikin awa ɗaya ne ko biyu, sau ɗaya a shekara bayan hunturu ya wuce.

Wanda zai saya, kada ya dogara da kilomitar da ke dashbod, an san ana mayar da ita baya. Ya tafi da mai kwamfutar da ke iya karanta ɓangaren haibirid, don ba kowace ke iyawa ba, a duba bambancin wuta tsakanin sassan batir da zafinsu, a kuma ga ko kwanan nan aka goge lambobi. Ya leƙa robar ruwa biyu, ya ga launinsu, ya ga ta inbata tana juyawa. Ya sa kunne a tagar kujerar baya, idan fankar tana ihu alhali mota ba ta je ko'ina ba, akwai magana. Sannan ya nemi a tayar masa da motar a gabansa bayan ta kwana a kashe. Idan ka iso ka tarar dillali ya riga ya ɗuma ta, ka ce masa za ka dawo gobe bayan sallar asuba, kuma kafin a danna maɓalli ka buɗe bonet ka ɗora tafin hannunka a kan injin ka ji ko da sanyi.